FILIN MOTA DA DIREBA: Sabuwar Riga A Kan Tsohon Shasi

Duk wanda ya taɓa kwana a garin da ake cin kasuwar mako ya san ƙarar da kan tashe shi da asuba. Tun gari bai waye ba tsofaffin motocin a-kori-kura ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, wata ta sha lodin buhunan masara, wata kwandunan tumatir, wata awaki da masu awakin baki ɗaya. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Abin da ya riƙe su a kan hanya har yau, bayan ikon Allah, shi ne hikimar makanikai da masu walda, waɗanda kan ɗebo ƙofa daga wannan akwala, inji daga waccan, gidan direba daga ta uku, su harhaɗa su fitar da mota guda mai neman abinci. Sabuwar a-kori-kura ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin ɗan kasuwa, shi ya sa kasuwannin tsofaffin kayan mota irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a birnin Ikko, da Nkpor kusa da Anaca, ba sa rabuwa da cinkoso.

Tambayar da aka fi yi a waɗannan wurare ita ce, shin bodin motar shekara kaza zai hau kan shasin ta shekara kaza? Dillali yakan amsa da sauri ya ce ai duk ɗaya ne. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuwa amsar nan takan cinye jarin mutum, ko ma ta ci rai a kan hanya. Saboda haka a wannan mako filin zai duba inda sauyin nan yake yiwuwa, da inda ba ya yiwuwa, da kuma abin da ya wajaba a kan mai yi da mai sayarwa da mai saye. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma sai an san tulun da aka ɗebo ta.

GININ MOTA IRI BIYU NE

Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne ba duka motocin a-kori-kura aka gina iri ɗaya ba. Akwai waɗanda aka yi wa shasi dabam, watau wasu manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga goshin mota zuwa bayanta, aka haɗa su da gajeru a gicciye, kamar tsanin da aka kwantar a ƙasa. Inji da giyabos da sifirin da aksul duk a jikin tsanin nan suke. Gidan direba da akwatin baya kuwa ɗora su aka yi daga sama, aka ɗaure da notoci, aka sa robobi masu kauri a tsakani don su shanye girgiza. Haka aka gina Toyota Hilux, da Land Cruiser, da Land Rover, da tsofaffin Datsun masu buɗaɗɗen baya. A irin waɗannan motoci, in an kwance notocin, an raba wayoyi da sandar sitiyari da bututun birki, sarƙar gareji ta isa ta ɗaga gidan direba a ajiye shi gefe, shasi ya tsaya shi kaɗai a kan tayoyinsa huɗu.

Iri na biyu kuwa su ne waɗanda bodinsu shi ne ƙashinsu, kamar Peugeot 404 da 504. A a-kori-kurar Peugeot, goshi da gidan direba dunƙule ɗaya ne da aka haɗa da walda tun daga masana'anta, ƙarafan da ke ɗauke da akwatin baya kuma a jikin dunƙulen nan aka liƙa su. Akwatin baya yana fita, ƙofofi da bonet da madigadin gaba suna fita, amma gidan direba ba ya fita sai an sa wuta. Duk wanda ya ce ya sauya wa irin wannan mota bodi, to, ɗaya cikin biyu ya yi. Ko dai ya kwashe inji da giyabos da ƙafafu ya mayar da su cikin wani ƙwarangwal mai lafiya, ko kuwa ya yanka biyu ya liƙa. Na farko aiki ne mai kyau in an yi shi da sani. Na biyu kuwa za a dawo kansa nan gaba kaɗan.

A TAMBAYI ZURIYA

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da shekarar da aka rubuta a takarda. Kamfanonin mota ba sa sake ginin mota kowace shekara. Sukan zana gini ɗaya su riƙa ƙera shi shekara biyar ko goma, suna ɗan sauya fitila da bamba da kujeru don jawo mai saye, har ranar da za su watsar da shi su zana sabo. Wannan tsawon lokaci shi ne zuriya. Kayan motocin da suka fito daga zuriya ɗaya sukan hau juna da ɗan gyara, ko ma ba gyara, alhali kuwa motoci biyu da shekara ɗaya tak ta raba su suna iya zama baƙin juna in sauyin zuriya ya faɗo a tsakaninsu.

A ɗauki Hilux. Ta fara fitowa a Japan a 1968, aka sake mata gini a 1972, da 1978, da 1983, da 1988, da 1997, da 2004, sa'an nan a 2015. Ke nan Hilux ta 1990 da ta 1995 'yan ɗaki ɗaya ne, ƙofar wannan takan shiga waccan, amma ta 1987 da ta 1989 ba haka suke ba, ko da yake shekara biyu kaɗai ke tsakaninsu. Haka abin yake a Amurka, inda masu sha'awar tsofaffin motoci suka daɗe da sanin cewa gidan direba na a-kori-kurar Chevrolet daga 1973 zuwa 1987 gini ɗaya ne. An sake mata goshi a 1981, don haka wanda ke son sa sabon goshi a tsohuwar sai ya ɗauko shi dungurungum, da bonet da madigadi da ƙarfen da ke riƙe lagireto, domin in ya tsinci ɗaya ya bar saura ba za su haɗu ba.

Bayan zuriya sai a tambayi ƙasar da aka yi wa motar. Zuriyar Hilux ta 1983 ta ƙare a Japan a 1988, amma an ci gaba da ƙera ta a Afirka ta Kudu har zuwa 1997. Haka nan kuma, mai jan ƙafa huɗu da aka yi wa kasuwar Amurka ta rabu da sandararren aksul na gaba tun 1986, aka ba kowace tayar gaba hannunta dabam, alhali a ƙasashe da yawa an ci gaba da sayar da mai sandararren aksul har 1997. Don haka motoci biyu 'yan Kwatano suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, shekararsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, amma ƙafafun gabansu ba su da wata dangantaka.

Har wa yau akwai maganar sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, direba ya koma zama a hagu. Gidan direban da aka yanko daga motar Japan, ko Ingila, ko Afirka ta Kudu, ko Kenya, sitiyarinsa a dama yake, kuma hujojin sandar sitiyari da na mastar birki da kuloci duk a can ɓangaren aka huda su. Juya shi yana bukatar yanka da walda a bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun direba, watau daidai wurin da direba ke danna birki da dukan ƙarfinsa ranar da abu ya taso.

Na ƙarshe a wannan babi, awo. A cikin zuriya ɗaya akwai gajeren shasi da dogo, akwai mai gidan direba ɗaya da mai biyu, akwai mai jan ƙafa biyu da mai jan huɗu. Mai gida biyu akwatinta gajere ne, kuma maɗauran bodinta ba a wuri ɗaya suke da na mai gida ɗaya ba. A tsofaffin Hilux wilin mai jan ƙafa biyu noti biyar gare shi, na mai jan huɗu kuwa shida. Makanikin kirki ba ya sayen bodi sai ya sa tef ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, ya kuma ƙirga maɗauran bodi ya auna tazararsu. Awon minti goma ya fi waldar kwana goma.

404 DA 504

Ba motar da ta koya wa makanikan ƙasar nan sauya kaya kamar Peugeot. An fito da 404 a Faransa a 1960, aka yi mata a-kori-kura a 1967. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, amma sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a yi mata tata a-kori-kurar. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da haɗa 504 fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. A Kenya ma an ci gaba da haɗa 404 har 1991. Wannan doguwar rayuwa ita ta cika kasuwanni da kayan motocin nan biyu, ta kuma sa kusan kowane gari yana da makanikin da zai iya kwance injinsu ido rufe.

Sirrin abin yana cikin inji. Injinan fetur na motocin nan dangi ɗaya ne, duka masu silinda huɗu, duka a kishingiɗe suke gefe guda. Na 404 mai cc 1618 ne. Da aka zo 504 sai aka ƙara wa fistin nisan tafiya ya zama 1796, daga baya aka faɗaɗa silinda ya zama 1971. Ita kanta a-kori-kurar 504 da injin 1618 irin na 404 ta fara fita, tare da na dizal mai cc 1948, kafin a ba ta manya irin su dizal mai 2304. Giyabos ɗin da ake kira BA7 kuma ya yi aiki a 404 na ƙarshe-ƙarshe da kuma 504. Bugu da ƙari silif ɗin injinan nan zarewa ake yi a sa sabo, ba sai an kai inji an gurza ba. Da wannan ne ya zama abu mai sauƙi a ga tsohuwar 404 tana ɗauke da zuciyar 504, tana kuma hawa tudu da kayan da a da sai ta tsaya ta huta.

Amma dangantakar ta tsaya ne a inji da giyabos da 'yan ƙananan kaya. Ƙofar 404 ba ta shiga 504, gilashinsu dabam, faɗinsu dabam. Wilin salun 404 noti uku gare shi, na salun 504 huɗu. Ko a cikin 504 kanta, ƙafar baya kashi-kashi ce. Salun ta asali kowace tayar baya da hannunta. Doguwar nan ta fasinja sandararren aksul gare ta a kan sifirin masu murɗi guda huɗu. A-kori-kura kuwa a kan sifirin mai falle-falle take zaune, domin ita aka yi wa ɗaukar buhu.

A nan ne maganar yanka ta shigo. Akwai masu ɗaukar doguwar 504 da ta gaji da fasinja, su sare rufinta daga bayan kujerar direba, su yi mata bango da falan ƙarfe, su kira ta a-kori-kura. A ido ta yi kama, amma kama da wane ba ta wane. A motar da bodinta shi ne ƙashinta, rufi da ginshiƙan ƙofofi suna cikin abin da ke riƙe ta, kamar yadda azara ke riƙe soro. In an cire su ba a sa wasu ƙarafa a ƙasa sun karɓi aikin ba, sai motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Alamar farko ita ce ƙofofi su ƙi rufuwa in an yi lodi. Alama ta biyu, tsagewa a ƙasan bene kusa da inda aka yi waldar. Ta uku ba a fatan kowa ya gan ta, domin a kan titi take bayyana. Haka kuma hukuncin yake ga wanda ya haɗa gaban wata mota da ta yi haɗari ta baya da bayan wata da ta yi haɗari ta gaba, ya shafe ɗinkin da hoda da fenti.

MASU KAMA DA MASU DANGI

Motoci biyu da aka sani a dajin Arewa da hamadar Nijar da Cadi sun isa misali a kan yadda ido ke ruɗin mutum. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda zuriyarta ta faro a 1984, fuskarta ba ta sauya sosai ba shekara da shekaru, har mutum ya ɗauka duk ɗaya ce. Amma a 1999, sa'ad da lamba 79 ta maye gurbin 75, an sauya abubuwa uku manya. Sifirin gaba ya tashi daga mai falle-falle ya koma mai murɗi, tazarar tayar gaba da ta baya ta ƙaru daga milimita 2980 zuwa 3180, wili kuma ya tashi daga noti shida ya koma biyar. Injin dizal ɗin nan 1HZ ya yi aiki a duka biyun, don haka inji yana ƙetarawa, amma wanda ya sayi aksul ko wili ko akwatin baya na ɗaya don ya sa wa ɗayar ba tare da awo ba, ya sayi aiki. A 2007 kuma aka sake faɗaɗa goshinta, kayan gaba suka sake rabuwa.

Land Rover kuwa akasin haka take. Kashi na biyu ya fito a 1958, aka ɗan gyara shi a 1961, kashi na uku ya biyo baya a 1971 ya kai har 1985. A tsakani an ɗauke fitilu daga tsakiyar goshi an mayar da su kan madigadi, an sake allon gaban direba, har mutum ya ce motoci ne dabam-dabam. Amma awon shasinsu bai sauya ba, gajere inci 88, dogo inci 109, kuma yawancin fallayen bodinsu suna hawa juna da noti kawai. Fallayen nan na alminiyam ne, ba sa tsatsa, shasi da bangon gaban direba kuwa baƙin ƙarfe ne, su ke ruɓewa. Shi ya sa a Land Rover sau da yawa shasi ake sauyawa a bar bodi. Wannan zumunci ya yanke a 1983 da fitowar mai inci 110, wadda ta zo da sifirin mai murɗi da shasi na dabam.

ABUBUWAN DA AKAN MANTA

In bodi ya zauna daram, inji ya tashi, mai mota yakan biya kuɗi ya tafi yana murna, alhali rabin aikin yana nan. Babban abin da akan manta shi ne birki. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfin inji bai ƙara mata ƙarfin tsayawa ba, ya ba makaho doki. Mastar birki da ke jikin gidan direba an auna ta ne daidai da birkin da ke ƙafafun shasin da aka haife su tare. In gidan ya fito daga mota mai birkin ganga a gaba, shasin kuwa mai faifai ne, ko akasin haka, sai a sami birki mai laushi ko mai kamewa ba shiri. A bayan tsofaffin Hilux akwai wani ɗan bawul da aka haɗa da aksul da siririn ƙarfe, aikinsa ya rage ƙarfin birkin baya in mota ba kaya, ya ƙara in an yi lodi. Masu gaggawa sukan cire shi su jefar sa'ad da ake sauya akwati ko ƙara fallen sifirin. Ranar da aka yi ruwa, mota ba kaya, direba ya taka birki, sai tayoyin baya su kame, bayan motar ya zagayo gaba.

Mayar da motar fetur ta koma ta dizal shi ma yana da nasa tarko. Injin dizal ya fi nauyi, don haka sifirin gaba yana bukatar dubawa, haka lagireto da batir. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tukunyar da ke taimakon birki. A motar fetur, zuƙar iskar inji ce ke ba ta ƙarfi. Injin dizal ba shi da wannan zuƙa, sai an sa masa famfo na musamman, wanda a injinan Toyota irin su 2L da 3L yake maƙale a bayan altaneta. Wanda ya sayi injin aka ba shi altaneta marar famfo, zai taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Sa'an nan a lura wasu Land Cruiser na dizal da aka yi wa ƙasashen sanyi wutarsu bolt 24 ce, ba 12 ba, kuma haɗa kayan wutar ɗaya da ɗaya yakan ƙone su nan take.

A mota mai jan ƙafa huɗu, dole haƙoran aksul na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. In an sauya na baya da na wata shekara mai lissafi dabam, ba za a ji kome ba muddin ana tafiya da ƙafa biyu. Ranar da aka shiga yashi ko laka aka sa huɗu, sai tayoyin gaba da na baya su riƙa gardama, har wani abu ya karye a tsakaninsu, kuma galibi a nesa da gari abin ke faruwa. Daɗin daɗawa akwai masu cusa guntun katako ko yankin tsohuwar taya a gurbin robobin bodi don gidan direba ya haye inda bai dace ba. Katako yana ruɓewa, noti ya saki, kuma duk ɗagin da aka yi wa bodi ƙarin saurin kifewa ne a kwana. Shasin da aka yanka don a ƙara masa tsawo kuwa, in ba a yi masa ƙarin falan ƙarfe mai kauri ya rungume wurin ɗinkin ba, a nan zai karye.

LAMBA DA AMANA

Saura magana mafi nauyi, watau ta takarda. Sunan mota a wurin hukuma shi ne lambar shasinta. A motoci masu shasi dabam lambar nan tana wuri biyu, an buga ta a jikin ƙarfen shasi, an kuma rubuta ta a wani ɗan allon ƙarfe da aka liƙa a jikin bodi. To, in an sauya gidan direba, allon yakan bi gidan ya tafi, sai a wayi gari mota ɗaya tana amsa suna biyu. Mai gaskiya yakan riƙe rasit ɗin bodin da ya saya da na inji, ya je ofishin lasin ya ba da sanarwar sauyin inji ko na launi, a gyara masa takardu su bi lambar shasi. Wanda ya yi sakaci da wannan, ranar da 'yan sanda ko jami'an duba lafiyar motoci suka leƙa ƙarƙashi, shi zai yi bayanin abin da bai sani ba. Ɓarayin mota ma ta wannan ƙofa suke shiga, su ɗauki allo da takardun motar da ta mutu su liƙa wa wadda suka sato. Mai sayen bodi a hannun wanda ba shi da rumfa ba shi da rasit yana iya sayen rigima da kuɗinsa.

Lambobin nan kuwa suna magana ga wanda ya iya saurare. Tun 1981 motocin da aka yi wa kasuwar Amurka ke ɗauke da lamba mai harafi 17, kuma harafi na goma shi ke nuna shekara: B ita ce 1981, Y ita ce 2000, alƙalami 1 kuma 2001. Da wannan lamba ce hukumar kwastan ta Nijeriya ta fara ƙiyasta kuɗin fiton motoci a 2022. A allon Toyota kuma akwai wasu haruffa da ke faɗin asalin mota. LN106, alal misali, Hilux ce ta zuriyar 1988 mai jan ƙafa huɗu da injin dizal, domin L na nufin dangin injin dizal, RN da YN kuwa na fetur ne. In allo ya ce RN, aka buɗe bonet aka tarar da dizal, an san hannu ya taɓa wurin.

Sauya kaya ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ha'inci. A 'yan shekarun nan an sami masu ɗaukar Hilux ta zuriyar 2004 su sa mata goshi da fitilu irin na zuriyar 2015. In mai ita ya yi don marmarinsa, ba wanda ya isa ya hana shi. Amma in an kai ta kasuwa aka sayar da ita a kan kuɗin shekarar da fuskarta ke nunawa, an ci dukiyar mutum da zamba, domin shasi da inji da birki suna nan da shekarunsu. Haka dillalin da ya san an yanka mota an liƙa ya yi shiru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a sana'ar mota wani lokaci fasinjan da bai ji ba bai gani ba shi ke faɗawa ciki.

Saboda haka mai niyyar sayen tsohuwar a-kori-kura kada ya tsaya kallon fenti. Ya tafi da makanikinsa, ba na mai sayarwa ba. Su shimfiɗa buhu su shiga ƙarƙashi da tocila, su goge lambar shasi su gwada ta da ta allo da ta takarda. Su bi ƙarfen shasi daga gaba zuwa baya suna neman sabuwar walda, ko wurin da aka shafe da kwalta mai kauri fiye da sauran. Su duba robobin bodi, su ƙirga notocin wili gaba da baya, su ɗaga tabarmar bene su ga ko akwai ɗinki. Sa'an nan a gwada birki a fili, mota ba kaya, a sake gwadawa da kaya. Ya tambayi mai sayarwa abin da aka sauya, a rubuta amsar a takardar ciniki a gaban shaidu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba da amsa.

Shi kuma makaniki ya tuna motar da ta fita daga garejinsa za ta ɗauki matan aure da yara zuwa kasuwa, wataƙila har da nasa. In aiki bai yiwuwa ya faɗa wa mai mota tun kafin a kunna wutar walda, ko da zai rasa cinikin ranar. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.